Kujera Ta Warke, Mota Ta Kama Rawa

Mai askin da shagonsa ke tsakanin na tela da rumfar mai faci bai taɓa gyara ko keke ba, amma duk layin Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane suka karɓa don su sami abin dariya, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce. Mota ba ta isa ta wuce ƙofar shagonsa ba sai ya ɗaga almakashi sama, ya karkata kai, ya lumshe ido.

"Boris ɗin tayar baya ta hagu," zai ce da wanda yake yi wa aski. "Kwana uku na ba ta."

Tun da ba wanda ya taɓa bin motar ya dawo da labari, ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi kiransa Injiniya, wato surukinsa, tsohon direban da kowa ke ce wa Baba. Shekara goma sha biyu ke nan da Baba ya ba shi 'yarsa Auta, amma bai taɓa wuce "mai aski" ba. Abin na ci wa Injiniya rai ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa. Baba kuwa yana da wata tsohuwar farar mota, irin mai ja da tayoyin baya, wadda ta girmi Auta da shekara biyu. Tsufa bai hana ta komai ba. In tana tafiya, ko kofin shayi ka ɗora a gabanta ba zai zuba ba.

Ran nan Baba zai tafi wajen babban ɗansa a yi masa aikin ido, sai ya kawo motar ƙofar shago ya ajiye.

"Mai aski, gwiwata ta daina ɗaukar kuloci," in ji shi. "Mako biyu zan yi. In na dawo na same ta yadda na bar ta, makullin ya zama naka. Ka wanke ta, ka tada ta kullum da safe. Ban da wannan kada ka taɓa mata komai."

Injiniya ya sa hannu biyu ya karɓi makulli, ya yi ta godiya. Baba na ba da baya Injiniya ya juya wajen tela, wanda ya leƙo da tef a wuya.

"Ka ji abin da ya ce? Yadda ya bar ta. Ni kuwa sai ya same ta ta fi yadda ya bar ta. Ranar ce zai kira ni da sunana."

"Ai kuwa ya kira ka da sunanka yanzu," in ji tela. "Mai aski."

Washegari da safe Injiniya ya wanke mota ciki da waje, sannan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da soso. Nan ya yi ido huɗu da farfela, dogon ƙarfen da ke kwance a tsakiya, mai ɗauko juyi daga giyabos ya kai wa tayoyin baya. A jikinta ya ga wani ɗan guntun ƙarfe manne, bai kai kwalin ashana ba, duk ya yi tsatsa. Ya goga da soso, ya ƙi fita. Ya ɗauko guduma da cizal, bugu huɗu ya ɓalle shi.

"Dubi abin da ta shekara talatin tana ɗauke da shi," ya ce da tela yana nuna masa. "Kaska ce a jikin mota, kuma duk kanikawan da Baba ke kai wa ba wanda ya gani."

Da ma kujerar askinsa ta daɗe tana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta gaza sauran. Ya cusa guntun ƙarfen a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, kujera ta zauna daram. Ranar duk wanda ya zo aski sai da ya ji labarin yadda aka sauƙaƙa wa mota kaya aka kuma warkar da kujera da bugu huɗu.

Da yamma ya ɗauki tela su ɗana. Daga giya ta ɗaya zuwa ta uku lafiya lau, Injiniya na tuƙi da hannu ɗaya, gwiwar hannu a taga. Suna hawa babban titi allurar gudun mota ta taɓa sittin, sai wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujeru. Madubi ya fara kyarma, murfin akwatin gaba ya buɗe da kansa, takardun Baba suka zubo kan cinyar tela.

"In-ji-ni-ya," in ji tela, haƙoransa na haɗuwa, "da ma ha-ka ta-ke yi?"

"Taya ce. Tun jiya kunnena ya gaya min."

"Ji-ya ba ka ce ko-mai ba."

"Likita yana faɗa wa mara lafiya duk abin da ya gani ne?"

Aka kai wa mai faci tayoyi huɗu. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya ce lafiyarsu ƙalau. Injiniya ya ce a mai da na gaba baya, na baya gaba. Aka mayar, rawa na nan. Ya ce a sake mayarwa a gicciye. Mai faci ya yi, yana cewa shi dai tun da yake bai taɓa ganin an yi wa tayoyi yawon buɗe ido ba. Rawa na nan.

Kwana na uku ya ce salansa ce ke bugun ciki, ya ɗaure ta da waya. Da hakan bai yi ba ya kwance ta gaba ɗaya don ya tabbatar. Ya murza makulli, motar ta yi wata ƙara da ta sa tela ya ɗinke aljihun wandon wani da bakin ƙafarsa, wata mata da ke wucewa ta saki tiren ƙwai. Injiniya ya fito yana murmushi, ya ce yanzu an cire salansa daga cikin waɗanda ake zargi.

A gida Auta ta zuba masa ruwan wanka, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon baƙin mai a gashin girarsa.

"Maigida, in tana tsaye ka taka totur, tana rawar?"

"A'a."

"Sitiyari ne ke kaɗa maka hannu, ko kujera ce ke kaɗa ka?"

"Kujera. Me ya kawo wannan tambaya?"

"In kana gudu ka cire giya ka bar ta tana gangarawa fa?"

"Rawar na nan. Ke, alƙali kika zama?"

"Haka Baba ke yi, tun ina ƙarama ina zaune a gefensa. In tana rawa a tsaye, inji ne. In sitiyari ne, tayoyin gaba ne. In kuwa daga ƙarƙashin kujera take, tana bin gudun mota ba kukan inji ba, to a duba farfela. Ka taɓa mata wani abu ne ranar da ka shiga ƙarƙashi?"

"Wanke ta kawai na yi," in ji Injiniya. A ransa bai ga ya yi ƙarya ba, don cire kaska ai cikin wanki yake. "Ki bar aikin ƙarfe ga masu shi."

Da gari ya waye ya tara mutum biyar a shago ya karanta musu darasi: in tana rawa a tsaye inji ne, in sitiyari ne tayoyin gaba ne, in kujera ce farfela ce. Ya ce shekarun da ya yi yana sauraron motoci ne suka koya masa.

"Ikon Allah," in ji tela. "Jiya da yamma na ji wata murya ta bayan katanga tana faɗin haka, amma siririya ce."

"Ka koma kan kekenka, aljihun mutane na jiran ka."

Ya kwance farfela ya fito da ita bakin titi, kowa ya gani. Gaɓa biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya da haƙora. Mai faci ya miƙo masa alli ya ce ya ja layi a mahaɗar kafin ya raba su, don su koma yadda suke. Injiniya ya ce alli na 'yan koyo ne, shi idonsa ne allinsa. Ya zare su, ya wanke da fetur, ya shafa giris har yana ɗiga, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can bai ga komai ba, ya mayar yadda hannunsa ya ga dama. Noti ɗaya ya yi saura, ya jefa a aljihu ya ce da ma masu ƙera mota sukan sa ƙari.

Yanzu motar ba ta jiran sittin. Tun daga talatin take fara kaɗawa, in kuma aka taka totur sai ta ƙara da wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashi.

"An samu ci gaba," ya ce da tela. "Da ciwon ɓoyewa yake yi, yanzu na koro shi fili."

"In ka ƙara koro shi sau ɗaya, a tsaye ma ba za ta zaunu ba."

Saura kwana huɗu Baba ya dawo, Injiniya ya fara rama. Abinci ba ya shiga, aski ma ya koma yin sa da rabin hankali, har ya kwashe wa wani dattijo gashin baki gefe ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, amma bakinsa bai sani ba. Ya sanar cewa lokaci ya yi da zai yi amfani da babban makami, wato kunne. Ya cire kujerar baya, ya yanko guntun tiyo, zai kwanta a ƙasan mota ya kafa baki ɗaya a kunne ɗaya a ƙarfe, wani ya tuƙa. Tela bai iya tuƙi ba, mai faci ya ce yana da iyali. Dole aka kira Auta.

Ta gyara mayafi, ta ja kujera gaba, ta tada mota ba tare da ta ko girgiza ba. Wurin bai ishi tsawon Injiniya ba, don haka ƙafafunsa biyu suka fito ta taga, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya babu. Haka suka ratsa layin, masu shaguna na fitowa suna yi wa ƙafafun sannu da aiki.

"Ƙara wuta," ya ce daga ƙasa.

Ta ƙara. Ƙasan motar ya shiga buga masa ƙeya kamar ana tankaɗe, tiyo na zuba masa gurnani har cikin ƙwaƙwalwa. Suka je shataletale suka dawo. Da ya fito sai da ya riƙe ƙofa, layin duka na juya masa, kunnensa na dama kuma ya toshe.

"Me ka jiyo?" in ji tela.

"Ƙarfe biyu da rabi," in ji Injiniya.

"Na ce me ka jiyo."

"To ka daina raɗa mana. Aksul ɗin baya ne, wanda ke juya tayoyi, mansa ya mutu."

Auta ta ce man aksul ba ya sa rawa, kuka yake sawa. Ya juya mata toshasshen kunnen. Ya shige ƙarƙashi da sifana, ya kwanta daidai saitin notin da ake tsiyaye man, don ya gani da kyau, ya kwance. Ya kuwa gani da kyau. Man aksul mai kauri ya sauko masa a goshi, ya bi gemu, ya gangara cikin riga. Wanda bai taɓa jin warin tsohon man aksul ba, ya gode wa Allah. Wanka uku ya yi da sabulun wanki, amma kwana biyu duk wanda ya zauna a kujerar aski sai ya tuna yana da wani uzuri. Auta ce ta sa mai faci ya nemo sabon mai aka zuba, aka mai da salansa.

Ranar da Baba zai dawo Injiniya ya tashi da sabuwar dabara, ya ce wannan ita ce ta ƙarshe. Zai ɗaga bayan motar sama, a sa giya tayoyi su yi ta juyawa a iska, shi kuma ya tsaya a gefe ya kama ciwon da idonsa. Ya aika aka gaya wa duk layin su zo su ga yadda ake aiki. Mai faci ya ce ya bari a samo ƙafafun ƙarfe a tokare ta. Injiniya ya ce bulo ya isa, ya jera bibbiyu a kowane gefe, hancin motar na kallon ƙofar shagonsa. Kafin azahar mutane sun cika, har da masu leƙe daga bene.

Auta ta shiga ta zauna a sitiyari, shi ya durƙusa a gefe da tiyonsa.

"Sa ta uku. Sa ta huɗu. Ƙara wuta."

Motar ta fara kaɗawa tun daga hanci har wutsiya, ƙofofi na kaf-kaf, lambar baya na kaɗa kai.

"Maigida, bulon na motsi," in ji Auta ta taga.

"Ni ne injiniya ko ke? Ƙara."

"Bulon hagu ya tsage," in ji tela, yana ja da baya.

"Ku yi min shiru, na kusa kama shi."

Bai rufe baki ba bulon ya ruguje. Auta ta riga ta danne kuloci da birki tare, don haka motar ta faɗo tim, ta yi tsalle ɗaya gaba, ta mutu. Ƙura ta tashi, Injiniya ya yi zaman daɓaro a cikin kwata da tiyo a kunne. Da ƙurar ta lafa, sai ga Baba tsaye a ƙofar shago da jakarsa a hannu, tsakanin gwiwarsa da hancin motar bai fi taƙi ɗaya ba. Tasi ta sauke shi tun ana giya ta uku, ba wanda ya lura.

Baba ya cire baƙin tabaran da aka ba shi a asibiti, ya dubi motar, ya dubi 'yarsa, ya dubi mutumin da ke cikin kwata.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Injiniya. "Ya idon?"

"Ido ya yi kyau. Har ya fi yadda nake so."

Baba ya sa aka kawo jak aka ɗaga ta yadda ya kamata. Ya yi wa Auta tambayoyinsa uku, ta amsa. Ya karɓi tocila, ya durƙusa da ƙyar yana dafa kafaɗar mai faci, ya haska farfela. Bai yi minti ɗaya ba ya yi magana.

"Wa ya raba ta? Ga ɗigo biyu da na buga da hannuna a mahaɗa don su riƙa kallon juna, yanzu ɗaya na gabas ɗaya na yamma. Ga noti ɗaya babu."

Injiniya ya laluba aljihu ya miƙa notin, ya ce ajiye shi ya yi kada ya ɓata.

"Wannan tabo mai ƙyalli fa? Akwai ɗan ƙarfe a nan. Tun daga inda aka ƙera ta aka manna shi, shi ke daidaita mata nauyi in tana juyawa. Ina yake?"

"Wane ƙarfe, Baba?"

"Ko kaskar nan ce?" in ji tela. "Wadda ta warkar da kujera?"

Mutum goma sha suka amsa a tare cewa ita ce, don ba wanda bai sha labarin ba. Injiniya ya ja jiki ya shiga shago ya zube a kujerar aski, jama'a suka bi shi har bakin ƙofa. Auta ta shigo, ta durƙusa, ta ce ya ɗan ɗaga, ta zare guntun ƙarfen ta kai wa mahaifinta. Kujera ta koma ɗingishinta da shi a kai, gaba, baya, gaba, baya.

Baba ya juya ƙarfen a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Shekara talatin ba wanda ya iya sa motar nan rawa," ya ce. "Kai ka yi da bugu nawa?"

"Huɗu," in ji tela.

"Sannu, Injiniya."

Shekara goma sha biyu yana jiran sunan nan daga bakin Baba, ga shi ya zo a gaban duk layin, kuma da ya san haka zai zo da ya haƙura da mai aski. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi har ya ji ƙwalla.

Kafin la'asar mai walda ya mai da ƙarfen daidai kan tabonsa, Auta ta riƙe tocila aka haɗa ɗigo da ɗigo, noti ya koma gidansa. Baba ya sa ta tuƙa, shi yana gefe da kofin shayi a gaban mota, Injiniya da tela a baya. Allura ta wuce sittin, ta wuce tamanin, shayi bai motsa ba. Da suka dawo ƙofar shago Auta ta zare makulli ta miƙa wa Baba, ya mai da mata hannunta.

"Riƙe, Auta. Na ce zan bar ta a gidan nan, kuma ban fasa ba."

Kwana biyu Injiniya bai ɗaga almakashi ya saurari motar kowa ba. A na uku bakinsa ya dawo. Yana yi wa wani baƙo aski, kujera na ɗingishi, ya nuna farar motar da tsinin almakashi.

"Tawa ce. Amma ka san babban mutum ba ya tuƙi, tuƙa shi ake yi. Direba gare ni."

Sai aka yi hon a waje. Auta ta sauke gilashi ta miƙo bokiti da soso.

"Maigida, in ka gama a wanke ta, zan kai Baba a duba masa ido."

Ya ajiye almakashi ya fito ya karɓa. Har ta juya, sai ta waiwayo.

"Daga sama kawai," ta ce.